Fim Mai Kashi-Kashi a Italiya da Yadda 'Yan Kallo Suka Karɓi Labaran Sha'awa

Fim mai kashi-kashi shi ne wanda aka tara gajerun labarai uku ko huɗu ko fiye a cikinsa, kowanne da mafarinsa da ƙarshensa, a nuna su a zama ɗaya da tikiti ɗaya. Wani lokaci darakta guda ne ke ɗaukar nauyin duka, wani lokaci kuma kowane labari da mai ba shi umarni. Ƙasashe da dama sun gwada wannan salo, amma babu inda ya zama sana'a mai zaman kanta kamar Italiya, daga farkon shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Jigon da ya fi yawa a ciki shi ne abin da ke tsakanin namiji da mace: sha'awa, kishi, cin amanar aure, da dabarun ɓoye su. Saboda haka tarihin sana'ar ya cakuɗe da tarihin gardamar da mutanen ƙasar suka yi ta yi a kan abin da ya halatta ido ya gani a bainar jama'a.

Tushen abin ya girmi silima nesa ba kusa ba. A tsakiyar ƙarni na 14 Giovanni Boccaccio ya rubuta Decameron, inda matasa goma, mata bakwai da maza uku, suka guje wa annobar da ta afka wa birnin Florence a 1348, suka fake a ƙauye suna ba juna labarai har ɗari cikin kwana goma. Da yawa daga labaran na matan aure masu wayo ne da mazajensu wawaye, da malaman coci masu kwaɗayi. Ɗaliban Italiya na karanta littafin a makaranta, don haka mai shirya fim da ya jingina da sunan Boccaccio ya samu rigar mutunci da zai lulluɓe hajarsa da ita. A 1953 marubuci Cesare Zavattini ya tara daraktoci, ciki har da Fellini da Antonioni da Dino Risi, suka yi L'amore in città a kan soyayya a birnin Rum. Kashin ƙarshe, na Alberto Lattuada, ba kome a cikinsa sai mata na tafiya a titi, maza na waiwayen su. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, kuma jerin da aka yi niyyar ɗorawa a kansa ya tsaya a nan.

Lissafin kuɗi ne ya raya salon daga baya. Ɗaukar babbar jaruma na tsawon fim guda yana cin dukiya, amma ɗaukar ta na mako biyu abu ne mai sauƙi, kuma sunanta zai hau fosta da manyan baƙaƙe duka ɗaya. Mai shirya fim kan jera taurari huɗu da daraktoci huɗu a kan allon talla, in kashi ɗaya ya gaza sauran su rufa masa asiri. Kasuwar kuwa babba ce: a 1955 an sayar da tikiti miliyan 819 a Italiya. Gidan talabijin na gwamnati, RAI, ya fara aiki a 1954, amma yana taka-tsantsan matuƙa da duk abin da ya shafi jiki, saboda haka silima ta riƙe abin da talabijin ba zai iya nunawa ba.

Yadda ake kallo ma ya dace da salon. Gidajen silima hawa-hawa ne: na tsakiyar birni masu tsada su ke fara nuna sabon fim, sannan ya gangara na unguwanni, daga nan ya kai ƙananan garuruwa bayan watanni. A ƙananan gidajen mutum yakan shiga a tsakiyar fim, ya kunna sigari, ya yi hira da na kusa da shi, ya yi fito in jaruma ta bayyana, ya fita sa'ad da fim ya zagayo inda ya same shi. Wanda ya makara da rabin sa'a labari ɗaya kawai ya rasa. In an fito kuma ba a cika tambayar ko fim ya yi kyau ba, tambayar ita ce wane kashi ya fi. Wannan ɗabi'a ta jera kashi-kashi, daga na ɗaya zuwa na kashin baya, ita ce ta bi salon duk inda ya je.

Ba masu sayen tikiti kaɗai ke da ta cewa ba. Cocin Katolika na da cibiyar tantance finafinai tun 1935, wadda ke rarraba su: na kowa da kowa, na manya, wanda ba a so a kalla, da wanda aka haramta wa mabiya. Ana manna sakamakon a ƙofar coci, kuma majami'u da kansu na da dubban ɗakunan kallo. Fim ɗin Cinema Paradiso na 1988 ya adana hoton wannan zamani, inda fada, wato malamin coci, ke zaune shi kaɗai yana kaɗa ƙararrawa duk inda aka yi sumba don a yanke wurin. Dokar ƙasa ma na gefen coci: babu saki sai a Disamba 1970, kuma zinar matar aure laifi ne da kotu ke hukuntawa har 1968. Sai dai hanin bai cika hana kowa ba. Lokacin da aka fara nuna fim ɗin Fellini, La dolce vita, a Milan a 1960, wani ya tofa wa Fellini yawu, jaridar fadar Paparoma ta yi tir da fim ɗin, jama'a kuwa suka yi ta layi a ƙofar silima.

Boccaccio '70, wanda Carlo Ponti ya shirya a 1962, shi ne fim ɗin da ya fi nuna ƙarfi da raunin sana'ar. Kashi huɗu ne, tsawonsa ya haura sa'a uku. Fellini ya yi amfani da nasa ya rama abin da aka yi masa. Wani dattijo mai suna Dakta Antonio, wanda ya ɗora wa kansa gyaran tarbiyyar gari, ya wayi gari an kafa ƙaton allon tallar madara daidai tagar ɗakinsa, da hoton Anita Ekberg a kishingiɗe da kofin madara a hannu. Ya kai ƙara, ya yi zanga-zanga, ya jefi hoton da tawada, har ya sa aka rufe shi. Da dare sai matar ta sauko daga allon, tsawonta ya kai na bene, ta ɗauke shi a tafin hannu tana yi masa dariya. Da gari ya waye aka same shi maƙale a saman allon, motar asibiti ta tafi da shi. Saƙon a fili yake: mai yawan ihu a kan hoto, shi hoton ya fi kamawa.

A nasa kashin, darakta Visconti ya kawo labarin wani basarake da jaridu suka tona asirin hulɗarsa da karuwai, sai matarsa, wadda Romy Schneider ta fito a matsayinta, ta ce daga yau ita ma sai ya biya ta kamar yadda yake biyan su. Ya amince da murna ya zauna rubuta cak, ita kuma ta fashe da kuka. Darakta De Sica kuma ya sa Sophia Loren a wani kanti na harbin bindigar wasa a kasuwar ƙauye, inda aka sa caca a kan kwana ɗaya da ita, kuma mai sharar coci, mutum mai tsananin kunya, ya ci. Kashin da ya rage, na Mario Monicelli, labarin ma'aikata biyu ne da suka yi aure a ɓoye saboda dokar kamfani ta hana, har suka ƙare ɗaya na aikin dare ɗaya na rana, suna karɓa-karɓar gado ɗaya. Babu tauraro a ciki, babu jikin da za a sa a fosta, don haka Ponti ya cire shi daga kwafin da aka kai ƙasashen waje. Sauran daraktocin uku suka ƙaurace wa bikin finafinai na Cannes don nuna goyon baya ga abokinsu. Shekaru da dama 'yan kallo a wajen Italiya ba su san akwai kashi na huɗu ba. An yanke hukunci da sunansu tun kafin a tambaye su, kuma da aka dawo da kashin daga baya, masu sharhi da yawa sun sa shi cikin waɗanda suka fi faɗin gaskiyar rayuwar talakan lokacin.

Shekara guda bayan haka De Sica ya yi Ieri, oggi, domani, inda Loren da Marcello Mastroianni suka fito a labarai uku, a Napoli da Milan da Rum. A na farko Loren mai sayar da sigarin fasa-ƙwauri ce da ke ɗaukar ciki a kai a kai, domin doka ta hana ɗaure mai juna biyu, har mijin ya gaji ya kasa. Abin da mutane suka riƙe shi ne na ƙarshe, inda take tuɓe tufafi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana zaune a kan gado yana haushi kamar kare, sai kwatsam ta tuna ta yi bakancen ƙaurace wa namiji na mako guda, ta tsaya. Kusan ba a ga kome ba, amma wurin ya shahara har darakta Robert Altman ya sa su biyun suka maimaita shi a 1994. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin harshen waje a 1965. A wannan shekarar Le bambole ya fito, kuma kashin da Gina Lollobrigida ke neman yaudarar ɗan ɗan'uwan wani babban malamin coci ya kai ta gaban kotu tare da darakta Mauro Bolognini bisa tuhumar batsa.

Yadda aka kai su kotu yana buƙatar bayani, domin a nan ne ɗan kallo guda ke da ƙarfin da ya fi na dubu. Wata doka ta 1962 ta kafa kwamitocin da ke duba fim kafin a sake shi, su hana 'yan ƙasa da shekara 14 ko 18 shiga. Amma takardar izini ba ta kare fim daga tuhuma ba. Kowane ɗan ƙasa da ya ga abin da ya ɓata masa rai yana iya kai ƙorafi, mai gabatar da ƙara na kowane gari kuma yana iya ba da umarnin a kwashe fim ɗin. Shari'ar takan koma garin da aka fara nuna shi. Masu shirya fim suka gane wannan, suka riƙa kai nunin farko wani ƙaramin gari da suke kyautata zaton alƙalansa. Kwashe fim na 'yan makonni asara ce, amma in an sake shi yakan dawo da farin jinin da babu tallar da za ta saya masa.

A wannan yanayi Pier Paolo Pasolini, mawaƙi kuma ɗan gurguzu da ya saba da kotu, ya fito da Il Decameron a 1971. Ya zaɓi labarai tara, ya mayar da yawancinsu Napoli, ya sa aka yi magana da karin harshen garin, ya ɗebo mutanen titi masu giɓi da ruɓaɓɓun haƙora maimakon taurari. Ɗaya daga cikinsu na Peronella ne: mijinta ya dawo gida ba zato, ta tura kwartonta cikin wata ƙatuwar randa, ta ce wa mijin ai mai saye ne yake duba ko ta tsage, kuma ya taya fiye da wanda mijin ya zo da shi. Mai sayen ya fito ya ce cikin da dauɗa, mijin ya shiga yana kankarewa da murna, su kuma suka ci gaba da abin da ya katse musu. Pasolini ya nuna tsiraicin maza da mata a fili, abin da babban fim na Italiya bai saba yi ba. A ganinsa jikin talaka shi ne abu na ƙarshe da kasuwa da talabijin ba su riga sun lalata ba.

Karɓar da aka yi wa fim ɗin ta kasu kashi uku da ba su haɗu ba. Bikin finafinai na Berlin ya ba shi kyauta ta musamman. Ƙorafe-ƙorafe suka yi ta kwarara daga garuruwa daban-daban, aka kwashe shi a wasu wurare, kotu ta sake shi. Jama'a kuwa suka saye tikiti fiye da miliyan 10, ya shiga sahun finafinan da suka fi kasuwa a shekarar. 'Yan'uwansa masu ra'ayin gurguzu ba su ji daɗi ba, suna ganin ya bar gwagwarmaya ya koma tatsuniya. Ya biyo da I racconti di Canterbury a 1972, wanda ya ci babbar kyautar Berlin kuma shi ma aka kwashe shi, sannan Il fiore delle Mille e una notte a 1974, daga littafin da Hausawa suka sani da Dare Dubu da Ɗaya. An ɗauke shi a Yaman da Habasha da Iran da Nepal. Pasolini ya cire Shaharzad da sarkinta gaba ɗaya, ya rataya labaran a kan Zumurrud, baiwar da ta zaɓi ubangidanta da kanta a kasuwa, da saurayin da ke yawon neman ta bayan an sace ta. Fim ɗin ya ci babbar kyautar alƙalai a Cannes.

Abin da miliyoyin nan suka je gani, ƙananan masu shirya fim sun fassara shi yadda suka ga dama, kuma cikin gaggawa. A 1972 kawai an fitar da gomman finafinai masu ɗauke da sunan Decameron ko Canterbury, har aka raɗa musu suna decamerotici. Kayan aikinsu bai wuce tsohon gidan sarauta na haya, rigunan zamanin da, fada mai kwaɗayi, miji wawa da mace mai wanka ba. Wasu ma sun riga Pasolini: da aka ji yana shirin Dare Dubu da Ɗaya, sai ga finafinai masu wannan suna a kasuwa shekara biyu kafin nasa. Da yawansu sun mayar da kuɗinsu a silimun unguwa da na ƙauye, wanda ke nuna cewa fassarar ba ƙarya ce zalla ba. Wani ɓangare na 'yan kallon Pasolini bai damu da falsafarsa ba ko kaɗan.

Shi kansa ya kai ga wannan matsaya. A Yuni 1975 ya rubuta takardar janye hannu daga finafinan uku. Bai ce ya yi nadamar yin su ba. Ya ce 'yancin da ya yi zaton yana ƙwatowa, masu kasuwa sun karɓe shi sun mai da shi haja, kuma jikin da ya ɗauka mai tsarki ne shi ma an riga an saye shi. An kashe shi a Ostia ranar 2 ga Nuwamba 1975, jaridar Corriere della Sera ta buga takardar bayan mako guda. Da wuya a sami wani darakta da ya juya wa aikinsa baya saboda yawan waɗanda suka so shi.

Bayan haka salon ya yi ta ja da baya. Kafin nan Dino Risi ya yi Sessomatto a 1973 da Laura Antonelli da Giancarlo Giannini ya samu kasuwa, a Faransa kuma Contes immoraux na Walerian Borowczyk ya raba masu sharhi a 1974, wasu na cewa fasaha ce wasu na cewa batsa ce da ta sa kwat. Amma a 1976 kotun tsarin mulkin Italiya ta halatta tashoshin talabijin masu zaman kansu, waɗanda suka cika dare da tsoffin finafinai da raye-rayen tuɓe kaya. Gidajen nuna batsa tsagwaronta suka buɗe. Tikitin da ya haura miliyan 500 a 1975 bai kai rabin haka ba a 1980. Mai neman tsiraici ya samu inda ya fi arha, mai neman labari kuma ya zauna a gida.

Gwaji mafi girma na farfaɗo da salon shi ne Eros, da aka nuna a bikin Venice a 2004. An shirya shi ne don girmama Antonioni, wanda ya haura shekara 90 kuma shanyewar jiki ta ɗauke masa magana tun 1985. Kashinsa, da aka ɗauka a Tuscany, shi ya fi tsiraici: mata biyu tsirara a bakin teku, da miji da mata masu faɗan da ba a san kansa ba. Steven Soderbergh, wanda ya maye gurbin Pedro Almodóvar, ya kawo barkwanci tsakanin Robert Downey Jr. da likitan ƙwaƙwalwa da hankalinsa ke kan taga. Wong Kar-wai kuwa ya ba da labarin wani yaron tela a Hong Kong na shekarun 1960 da ya shafe shekaru yana ɗinka wa wata karuwa mai aji riguna, tun tana tashe har cuta da talauci suka kayar da ita, yana biya mata kuɗin ɗaki a ɓoye. Gong Li da Chang Chen ne suka fito, an ɗauka lokacin annobar SARS ta 2003, kuma kusan duk abin da ke tsakaninsu a hannu yake: awo da tef, shafar yadi, taɓawa biyu a farko da ƙarshe. A wannan karo masu sharhi da 'yan kallo sun yi kusan baki ɗaya. Mai sharhin fim Roger Ebert ya ƙi ba fim ɗin maki guda, ya ba kashin Wong tauraro huɗu, na Soderbergh uku, na Antonioni ɗaya. Daga baya aka fitar da kashin Wong shi kaɗai a tsawaice, sauran biyun kuma ba a cika neman su ba. Antonioni ya rasu a 2007, wannan ne aikinsa na ƙarshe da ya shiga silima.

Inda salon ya sami sabon gida shi ne manhajojin kallo ta intanet, waɗanda ba sa bi ta hannun hukumar tace finafinan silima. A Indiya, Netflix ya saki Lust Stories a Yuni 2018, na Anurag Kashyap da Zoya Akhtar da Dibakar Banerjee da Karan Johar. Masu sharhi da dama sun fifita kashin Akhtar, inda Bhumi Pednekar ta fito a 'yar aikin da ke kawo shayi ga iyayen yarinyar da maigidanta kuma masoyinta zai aura, ba ta ce uffan ba. Surutun jama'a kuwa ya tafi kan na Johar, saboda ya ɗora waƙar Kabhi Khushi Kabhie Gham, wadda masu kallon fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa suka sani sarai, a kan wani wuri na sha'awa, abin da ya ɓata wa iyalan mawaƙiya Lata Mangeshkar rai. An yi na biyu a 2023.

A Italiya kuwa dokar 1962 ta ci gaba da aiki shekaru da dama bayan sana'ar da ta fi wahalar da ita ta mutu. A Afrilu 2021 ministan al'adu Dario Franceschini ya sa hannu a kan dokar da ta soke ikon gwamnati na hana fim fita ko tilasta yanke shi. Yanzu masu shirya fim ne ke bayyana shekarun da suka dace da aikinsu, wani kwamiti ya duba ya tabbatar ko ya gyara.